Sunaye sun hau allo a Rune Factory 4: an gama ke nan?

Wani ƙanena na unguwar Aboabo a Kumasi ya aiko min da wannan tambaya a kan wasan gem na Rune Factory 4, kuma da yake ba shi ne na farkon yi min irinta ba, na ga gara in amsa ta a fili:

"Yaya, barka da aiki. Na sayi na'urar gem ta Switch ta hannu, ya zo da kaset ɗin Rune Factory 4 Special. Na yi ta bugawa har na hau hasumiyar Leon Karnak, na kayar da dodon ƙarshe, sunayen waɗanda suka yi wasan suka hau allo. Na ce alhamdu lillahi, na gama. Sai wani abokina a majalisarmu ta ataya ya yi min dariya, wai ko rabi ban kai ba. Na koma ciki, yanzu duk inda na shiga duka biyu ake yi min in faɗi, in farka a asibiti likita ya kwashe min kuɗi. Na gama ne ko ban gama ba? In da saura, ya cancanci wahalar, ko in sayar in nemi Rune Factory 5? Kai da ka kai ƙarshensa, yaya ka gan shi?"

Ƙanena, abokinka ya fi ka gaskiya, da sauran rina a kaba. Abin da ka gama kashin farko ne cikin uku, kuma shi ne mafi sauƙi. Ni sana'ata gyaran na'urorin gem ce a nan Adum, cikin Kumasi, kuma wasan nan sau biyu na kai ƙarshensa. Na farko a 3DS ne, a 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta hana kowa kunna PlayStation, sai dai irin 3DS ɗin, ƙaramar na'urar da za ka caja da rana ka shige gidan sauro da ita da dare. Na biyu a Switch, bayan Special, wato sabon bugun wasan da aka gyara, ya fito a wajen Japan a 2020. Zan taɓa labarin kaɗan, amma ba zan tona maka abin da zai ɓata maka daɗinsa ba.

Kashin farko ka riga ka san shi. Ka faɗo daga jirgin sama a kan Ventuswill, ƙatuwar macijiyar nan mai fiffike da ke riƙe da garin Selphia, ka manta ko kai wane ne, aka ɗauke ka yariman da ake jira alhali Arthur ne yariman, shi kuma da ya iso ya sakar maka sarautar ya kama kasuwancinsa. Ka bi dajin Yokmir, ka bi kangon nan na cikin ruwa, ka shiga gidan Obsidian, ka hau Leon Karnak, manyan dodanni huɗu suka rikiɗe suka koma mutane: Amber, Dylas, Dolce da Leon. Nan sunaye suka hau. Kashi na biyu, inda kake shan duka yanzu, rigimar daular Sechs ce da sarkinta Ethelberd, zai bi da kai ta kogon Idra da hanyar Maya, ya shigar da kai ƙasar Sechs mai ƙanƙara, ya ƙare a wani birni da ke shawagi a sama. Sunaye za su sake hawa, kuma nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Na uku shi ne Rune Prana, ƙofarsa tana cikin Leon Karnak ɗin da ka riga ka hau. A 3DS wannan kashin ba ya buɗewa sai wani taron gari ya faɗo maka bisa sa'a. Ni sai da na yi ta kwanciya ina tashi a cikin wasan, makonni, kafin ya zo. A Special an gyara wannan, ba za ka sha irin jiran da muka sha ba.

Yanzu ga abin da ke kashe ka. Ban ga na'urarka ba, amma zan iya rantsewa da yadda gonarka take: ciyawa ta rufe ta, duwatsu da kututture ko'ina, sai 'yan kunyoyi huɗu ko biyar na tanip da aka sa ka shuka ranar farko. Takobin da ke hannunka kuma wurin Bado maƙerin gari ka saye shi, sulkenka tun na dajin Yokmir ne. In na yi ƙarya ka zo shago ka ƙaryata ni. Kusan duk yaron da ya taso da FIFA da wasannin harbi haka yake yi wa wannan gem, ya ɗauka gonar ado ce, yaƙin shi ne wasan. Kashin farko yana ƙyale ka da wannan tunanin. Na biyu ba ya ƙyalewa.

Ka duba asalinsa ka gane dalili. Uban gidan su duka shi ne Harvest Moon, wanda ya fito a Japan a 1996, wasan noma zalla, ba takobi ba dodo. Rune Factory na farko ya fito a na'urar DS a 2006 a matsayin reshensa, aka ɗora wa manomin takobi. Wato noma aka fara ginawa, yaƙi daga baya aka jingina masa, kuma har yau duk ƙarfin da za ka shiga kogo da shi daga bayan gida yake fitowa. Na duƙe tsohon ciniki, ko a cikin gem.

Hanyar da abin yake bi ita ce wannan. Kana da sanda biyu a saman allo, HP na rai da RP na kuzari. Duk abin da ka yi yana cin RP: saran fartanya, ban ruwa, faskare, sihiri, girki, ƙira. In RP ya ƙare ka ci gaba da aiki, sai ya koma cin ranka, har ka zube a tsakiyar gonarka ba wanda ya taɓa ka. To kowane aiki a wasan nan yana da matakin ƙwarewarsa, har da tafiya da barci da cin abinci da wanka, kuma duk lokacin da ɗaya ya hau, wani abu a jikinka yana ƙaruwa, ko ƙarfi, ko juriya, ko yawan RP. Mutum biyu za su iya zama a lebul ɗaya, wanda ya yi shekara yana noma da faskare da fasa dutse ya ninka ɗayan ƙarfi. Ƙari a kan haka, in kana girbe amfanin da ya nuna, wani lokaci wani ɗan haske yakan tashi daga kunyar, ka taɓa shi ya mayar maka da RP ya ɗaga maka wata ƙwarewa, wani lokaci kuma wata 'yar halitta ce ke fitowa ta ƙara maka ƙarfin jiki na dindindin. Wanda ba ya girbi ba ya ganin ko ɗaya.

Bari in nuna maka safiya ɗaya tawa, a shekara ta biyu ta wasan. Ana tashi ƙarfe 6. Kusan daƙiƙa ɗaya ta gaske ita ce minti ɗaya a can, saboda haka yini guda bai wuce abin da za ka sha kokonka ka ci ƙosai ka wanke hannu ba. Ina fita ƙofar baya, in fara tsinke sitiroberi da tumatir, waɗanda in ka tsinka suke sake yin 'ya'ya ba sai ka sake shuka ba. In zuba su a akwatin sayarwa kafin ƙarfe 8, don a lokacin ake kwashewa. Abin da ya shiga bayan nan sai gobe. In shiga garke in taje dabbobi ɗaya bayan ɗaya, in ɗebi madarar Buffamoo da ƙwan Cluckadoodle da gashin Wooly, wato saniya da kaza da tunkiyar wasan. Ban ruwa ba ni nake yi ba, dodannin da na horar ne suke yi, don da zarar shaƙuwarku ta kai mataki na 3 za ka iya ba su aikin gona. Daga nan in duba Eliza, akwatin buƙatun da ke ƙofar fada, in bi ta gidan abincin Porcoline in sayi burodi, in koma maƙera in ƙone RP ɗina kaf, in je masaukin Lin Fa in yi wanka ya dawo cif. Sai wajen azahar ta wasan nake ɗaukar takobi. Kai kuwa tun 6 kake ficewa daga gari, aljihu wayam, ciki wayam.

Akwai abu biyu a noman da wasan bai yi bayaninsu yadda ya kamata ba, kuma su ne kuɗin. Na farko iri. Kowane amfani yana da daraja daga 1 zuwa 10. In shuka ta nuna, maimakon ka cire ta da hannu, sa mata lauje: za ta ba ka iri wanda darajarsa ta ɗara ta wanda ka shuka. Jefa wannan irin a akwatin sayarwa, daga nan kantin Blossom, inda ake sayen iri, zai riƙa sayar maka da iri mai wannan darajar. Ka yi haka sau da yawa, tanip ɗin da kake rainawa ya fara kawo kuɗi na gaske, abincin da ka dafa da shi ma ya fi ƙarfi. Duk manomin da ya taɓa ware manyan zangarniyoyi ya rataye don irin baɗi ya san wannan. Sababbin iri kuma ba sa zuwa kanti haka kawai, sai ka cika buƙatun Eliza, ta ce girbo kaza, ka girbo, sannan a buɗe maka na gaba. In ka yi watsi da akwatin nan, har ka gama wasan tanip da dankali za ka yi ta shukawa.

Na biyu ƙasa. Ƙasar wasan nan tana gajiya. Ɗauki gilashin dubawa ka tsaya kan kunya, zai nuna maka lafiyarta da saurinta. In ka yi ta shuka a wuri ɗaya kana zuba maganin saurin girma, lafiyar ta yi ƙasa, shuka ta fara mutuwa ba dalili. Maganinsa shi ne ka ajiye busasshiyar ciyawa ko masara a kan kunyar ka sare ta da fartanya ta shige ƙasa, ka riƙa cika kwandon taki da ciyayin da ka cire, wani ɓangaren kuma ka bar shi ya huta. Ranar da na gane wannan sai da na ajiye na'urar na yi dariya, don kakanmu da ya yi noman masara a Ejura abin da yake faɗa ke nan duk shekara, mu muna jin sa kamar surutun tsofaffi, sai ga shi wasu mutanen Japan sun sa ni ina yi da hannuna a allo. Shekararsu dai ba irin tamu ba ce mai damina biyu da hunturu. Yanayi huɗu ne, kowanne kwana 30. Shuka ba ta mutuwa don yanayi ya juya, sai dai ta yi nawa in ba lokacinta ba ne. Abin tsoro guguwa ce. Na taɓa jera abarba, wadda ke ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta nuna, saura kwana kaɗan in fara tsinka, na farka na tarar rabin filin duwatsu ne da rassan itace. Ban yi magana da kowa a shago ba ranar nan.

To kuɗin da ka tara, ina za su? Maƙera. Nan ne maganin dukan da kake sha, kuma in za ka ɗauki abu ɗaya daga duk bayanin nan, ɗauki wannan: makamin kanti ba ya kai mutum ƙarshen kashi na biyu cikin mutunci. Je ka allon umarni a fada, ka kashe makin sarautarka, wanda kake tarawa da yi wa gari hidima, ka nemi lasisin ƙira da na haɗa kayan jiki. 'Yan tambayoyi ne masu sauƙi. Ka tara katako da dutse da kuɗi, ka sayi maƙera da teburin haɗa kaya wurin Bado. Sannan ka riƙa sayen burodin Porcoline kullum, don a wasan nan da cin burodi ake koyon yadda ake haɗa abu: akwai na makamai, na kayan jiki, na kayan gona, na girki, na magani. Adadin da yake sayarwa a rana ƙayyadadde ne, kuma in ƙwarewarka ba ta kai ba, ka ci burodin a banza, ba abin da za ka koya. Don haka kafin ka ci, ka hau. Hanya mafi arha ita ce ka ɗauki wani tsohon takobi ka yi ta ƙara masa baƙin ƙarfe har RP ya ƙare, ka yi wanka, ka dawo. Ƙarfe yana hawa daki-daki, daga baƙin ƙarfe zuwa tagulla, azurfa, zinariya, har sama, kuma kowane sabon yanki yana da duwatsun da za ka fasa da guduma ka samu na gaba. Kada ka shiga kogo ba guduma.

Kowane makami da kowane sulke yana karɓar ƙari har ya kai mataki na 10, wato sau tara za ka ɗora masa wani abu. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗora abu iri ɗaya sau tara. Amfaninsa raguwa yake yi duk lokacin da ka maimaita. Abu tara daban-daban ake so. Kuma kar idonka ya tsaya kan takobi. Kai matsalarka duka biyu ne ke kayar da kai, wato sulke da garkuwa da kwalkwali da takalmi ne ba ka da su. A ƙasar Sechs da abin da ke bayanta, dodanni suna sa guba, suna shanye jiki, suna rufe maka sihiri, suna sa barci, a Rune Prana ma akwai masu sumar da kai da taɓawa ɗaya komai yawan ranka. Waɗannan ba a kare su da lebul, sai da kayan jikin da ka haɗa musamman. Kayan gona ma a maƙera ake inganta su: butar ban ruwa mai kyau, in ka danne maɓalli ka saki, tana jiƙa fili mai faɗi a tashi ɗaya.

Sauran gajeru ne. Ka ci dafaffen abinci kafin ka shiga wurin babban dodo, yana ƙara ƙarfi na ɗan lokaci, ka kuma cika jaka da shi don ya fi maganin kanti. Kana da damar tafiya da abokan yaƙi biyu, mutanen gari ko dodanni. Forte jaruma ce tun asali, in ka ƙera mata makami ka ba ta za ta riƙe shi. Manyan dodannin da ka kayar ma da yawansu suna horuwa in ka san abin da suke so. Sihirin gudu, wanda ke fitar da kai daga kogo, ba ya cin komai, kuma ba abin kunya ba ne; in ranka ya yi ja, fice. Kuɗin likita Jones ƙaruwa yake yi, sai in ka yi sa'a matarsa Nancy ce ta duba ka ta yafe. Kafin ka shiga wuri mai haɗari, kashe kuɗinka a iri da burodi, kada ka kai wa likita. In duk wannan bai isa ba, ana iya sauke wahalar wasan a tsakiyarsa, ba wanda zai rubuta maka zunubi.

Ra'ayina kuwa, tunda ka tambaya. A duk wasannin da suka haɗa noma da yaƙi da na taɓa bugawa, wannan ne na fi ganin ƙullinsa ya ɗauru. Ba abin da za ka yi ya tafi a banza: ciyawar da ka cire taki ce, takin amfani ne, amfanin kuɗi ne da abinci, kuɗin burodi ne, burodin takobi ne, takobin ya buɗe maka sabon daji mai sabon ƙarfe da sabon dodon da zai zo ya yi maka ban ruwa. Shi ya sa mutum zai ce bari in yi yini ɗaya in kwanta, sai ya ji kiran assalatu daga masallacin unguwa. Wannan gargaɗi ne, ba yabo kaɗai ba.

Amma abin da ya sa na koma masa karo na biyu mutanen Selphia ne. Garin ƙarami ne, za ka zaga shi cikin minti biyu, sai dai kusan kullum kowa yana da sabuwar magana, kuma suna magana a kan juna, a kan bikin gobe, a kan abin da ya faru jiya. Clorica tana aiki tana barci a tsaye. Porcoline yana dafa wa baƙi abinci ya cinye kafin ya kai tebur. Bado maƙeri ne da ya tsani aiki, kullum yana neman dabarar yin kuɗi a kwance. Kowane zango yana da irinsa, ni na san uku. Volkanon, dattijon bafaden nan, abu kaɗan ya fashe da kuka har gini ya girgiza. Ventuswill kuma a gaban jama'a sarauniya ce mai nauyin baki, in ku biyu ne ta koma abokiyar tsokana. Sai ka yi wata da watanni kana gaishe ta kowace safiya sannan ƙarshen kashi na biyu zai yi maka abin da aka shirya ya yi. Wanda ya ruga da gudu zai ga abin ya wuce kamar labarin wasu. Ko makaman ma an ba su hujja mai taushi: a ƙa'idar duniyar, ba kashe dodanni kake yi ba, mayar da su kake yi dajin da suka fito.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Babba shi ne dogaro da sa'a. Akwai mata shida da maza shida da za a iya aura, amma kafin a kai ga aure sai wasu tarukan gari sun faru, kuma wasan ne ke zaɓar wanda zai faru da ranar da zai faru. Za ka cika duk sharuɗɗa, ka sayi gado, ka ƙera zobe, ka zauna kana jira kamar mai jiran biza. Special ya gyara ƙofar kashi na uku amma wannan bai warke sarai ba. Na biyu, ba ya koyarwa. Rabin abin da na gaya maka a sama sai dai ka tsinta a bakin wani ko ka gano da kuskure. Na uku, zanensa na 3DS ne aka goge aka faɗaɗa, a hannu yana da kyau, a babbar talabijin mutanen suna zama kamar 'yan tsana. Na huɗu, Rune Prana tsalle ne ba hawa ba, wahalarsa ta yi wa abin da ya gabace shi nisa ƙwarai, kuma abin da labarin ya biya ka da shi a ƙarshe gajere ne, ni dai na so a ce an ɗan ja shi. Sannan wasa ne na karatu. Turancinsa ba mai tsauri ba ne, amma yana da yawa, wanda ke danne maɓalli don maganar ta wuce ya zubar da rabin kuɗinsa. In za ka bar wa ƙannenka na gida su taɓa, ka sani akwai zance da soyayya a ciki, akwai giya cikin kayan girki, kuma duniyarsa ta masu girmama dodanni ce kamar alloli. Tatsuniya ce, amma gara babba ya san da ita.

Batun sayarwa ka nemi na 5, ban ba ka shawara ba, aƙalla ba yanzu ba. Kamfanin Neverland da ya yi na 4 ya rufe a ƙarshen 2013, jim kaɗan bayan wasan ya isa Amurka, mutane suka ɗauka zuriyar ta ƙare. Sai a 2021 na 5 ya fito a Japan, ya iso sauran duniya a 2022. An mayar da shi cikakken 3D, garin ya yi faɗi amma ya yi fayau, kuma a Switch yana sarƙewa, musamman in gona ta cika da shuka da dabbobi. A kwamfuta ya fi tafiya daidai. Tsarin noma da ƙira kusan ɗaya ne da na 4, wato abin da ya kayar da kai a nan zai kayar da kai a can, ka ƙara da asarar sidi. Guardians of Azuma, Rune Factory ɗin da ya fito a 2025, ya karkata ne ga gina ƙauyuka da raba wa mazauna aiki, wani ɗanɗano ne daban. In kuma ka gane cewa noman kake so ba dukan ba, Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya yi ya fitar a 2016, yana nan har a wayar Android, yaƙinsa kaɗan ne a cikin ramin haƙar ma'adinai. Amma kai da ka hau Leon Karnak da takobin kanti, ba na jin zai ishe ka.

Ni a wurina an gama wasan nan ranar da aka fito daga Rune Prana. Abin da ya biyo baya, aure da haihuwa, da ɗan labarin ango da amarya da aka ƙara a Special, da kogon Sharance mai rikiɗa, da matakin wahala na ƙarshe da suka sa wa sunan jahannama, duk nafila ne. Wanda ya tsaya a ƙarshen kashi na biyu ba zan ce bai buga ba, sai dai ya bar wata a inda bai kamata a bar ta ba, kuma in ka kai wurin za ka gane wadda nake nufi.

Ga abin da za ka yi daga daren yau. Ka bar hanyar Sechs tukuna, labarin ba ya gudu, ba wanda ke ƙirga maka kwana. Ka ba gona yanayi guda cur, kwana 30 na wasan. Share filin, katakon da dutsen da ka tara su ne kuɗin maƙerarka. Cika buƙatun Eliza har a buɗe maka sitiroberi ko wani abin da ke sake 'ya'ya. Kama Buffamoo ɗaya da Cluckadoodle biyu. Nemi lasisi, ci burodi kullum, ƙera sulke kafin takobi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka koma kogon Idra bayan nan dodannin da ke kayar da kai da duka biyu suka ci gaba da yi, to ka zo da na'urar in duba kayan da ka sa.

Kuma tunda Switch ɗin na hannu ne: in ka ga mutumin naka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa sandar ba, yana zuba ruwa a kunyar da ba ita ka nufa ba, ba aljanu ba ne, ciwon Joy-Con ne, wato hannun sarrafa Switch, da aka sani, ƙurar hunturu kuma tana tsananta shi. Kada ka fesa masa turare, kada ka ɗiga masa man keke, na ga duka biyun. Kawo shi Adum ranar da ka shigo gari, da safe kafin cunkoson Kejetia ya tashi, aikin minti ashirin ne.